Taylor da Tela

Kai yaro, jiya ka tambaye ni ko sunan Taylor da ka ji a rediyo yana da haɗi da telan da ake kiranmu. Kunnenka bai yaudare ka ba, kalma ɗaya ce. Mutumin Ingila "Teila" yake cewa, ya haɗiye harafin ƙarshe, Ba'amurke kuwa sai ya murɗa harshe ya taɓo shi. Na Ingilan muka ɗauka zamanin Turawa, muka gyara shi daidai bakinmu.

Yadda muke cewa Musa Tela ko Audu Maƙeri, haka su ma suka fara. Sai dai wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 laƙabin ya zama na gado, jika ya ci gaba da amsa shi ko bai taɓa zura zare a allura ba. Zachary Taylor soja ne, ya hau mulkin Amurka a 1849, ya rasu a kan kujera a 1850. Elizabeth Taylor 'yar fim ce. Charles Taylor tsohon shugaban Laberiya kuwa, wanda ya zauna gudun hijira a Kalaba daga 2003 har aka kama shi a iyakar Gamboru a 2006, ban ji wanda ya ce ya taɓa ɗinka ko aljihu ba.

To ga inda nake son ka buɗe kunne. Asalin kalmar daga Faransanci take, kuma ba ta nufin ɗinki. Yanka take nufi. Tela shi ne mai yanka.

Shi ya sa wata takwas kana taka keke, kana sa maɓalli, kana guga, amma ban miƙa maka almakashi ba, ina kuma ganin yadda kake kumbura. Ɗinki in ya karkace sai a farke a sake. Ni ina kamar kai na ɗora almakashi a kan shaddar wani ango, ban bar rarar ɗinki a hammata ba, riga ta ƙi shiga, ga ɗaurin aure saura kwana biyu. Maigidana bai ce min uffan ba, ya tafi kasuwa ya sayo wani yadi biyar da kuɗinsa. Da ma duka na sha.

Gobe ka zo da wuri, ka ɗauko alli da tef. A takardar buhun siminti za ka fara fitar da wuyan kaftani.