Tambaya da Amsa: Dron Mai Araha, Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun yi ta shigowa kan dron, wato ɗan jirgin nan mara matuƙi mai kyamara, sai na ga gara in haɗa su waje ɗaya mu yi ta ta ƙare.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai na sayi wani dron ne ta intanet, a jikin kwalin an rubuta 8K ɓaro-ɓaro har da kyamara biyu, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba shi ya sa ban yi wata-wata ba na biya. To da ya iso na tashe shi na ɗauki gonata ta sama, wallahi hoton dishi-dishi yake, bidiyon sai rawa yake yana tsinkewa, ko fuskar yaron da ke tsaye a ƙasa ban gane ba. Wai ni ne ban iya saiti ba ko kuwa sakiyar da ba ruwa aka yi min?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba laifin hannunka ba ne ko kaɗan, kuma gaskiyar magana babu wani saitin da za ka murɗa ya gyaru, iya ƙarfin kyamarar ke nan ka gani. Abin yana ɓata min rai sosai domin kusan kullum waɗanda ake kamawa da wannan lambar su ne masu sayen farko, waɗanda suka daɗe suna tara kuɗin.

Kaga shi 4K na gaske fiksil 3840 ne a kwance 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8 ke nan a hoto ɗaya, shi kuwa 8K ninki huɗu ne na wannan, wajen miliyan 33. Ɗan idon kyamarar da ake saka wa irin naka, wanda ake kira sensa, yawanci bai wuce miliyan ɗaya ko biyu yake iya gani ba, sai manhajar ta ja hoton ta buɗa shi har ya kai lambar da aka rubuta a kwali. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ka ce a buɗa maka shi ya cika bango ne, girma dai ya ƙaru amma ba abin da aka ƙara a ciki sai dusashewa. Na taɓa riƙe irinsa a hannuna, shi 4K aka rubuta masa, na zuba hotunan a kwamfuta na duba, lambar ta cika cif 3840 da 2160, amma da na matso da rufin wani gida sai na ga layukan kwanon duk sun narke sun haɗe kamar an goge su da yatsa, bidiyon kuwa da na duba 1280 ne da 720. Kai ma ka gwada haka za ka gani da idonka.

Tsinkewar kuma dalilinta daban. Duba jikin jirgin da kyau, akwai ramin saka memori? Ina kyautata zaton babu. In babu to ba a cikin jirgin ake naɗar bidiyon ba, ta Wi-Fi yake turo shi wayarka wayar ce ke naɗa, saboda haka duk lokacin da ya ɗan yi nisa sigina ta yi rauni, wannan tsayawar da tsallen da kake gani a sikirin haka za su zauna a cikin bidiyon har abada.

Sai rawar, kuma a wajena ita ce babbar magana, ta fi duk wata lamba. Dron ba ya tafiya sai ya karkata, in zai yi gaba sai ya dunƙufar da kai, in iska ta bugo shi ta dama sai ya kwanta mata don ya tsaya a inda yake, to in kyamarar manne take a jikinsa duk wannan karkatar da ita ake yi. Masu kyau suna da wani mariƙi da ake kira gimbal, ƙananan injuna uku ne suke riƙe da kyamarar, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na kwanciya gefe, ɗaya na waiwaye, jirgin na ta fama da iska ita kuwa kyamarar ko gezau. In ka kunna mai gimbal ka riƙe shi a hannu kana jujjuya shi za ka ga kan kyamarar ya kafe waje ɗaya kamar kan kaza in an ɗaga ta ana motsa jikinta. Wasu kuma za ka ga an rubuta EIS, wannan manhaja ce ke yanke gefe-gefen hoton tana daidaita tsakiya, yana taimakawa amma bai kama ƙafar gimbal ba. In kuma ka ga itatuwa da bango suna lanƙwasa kamar kana kallonsu ta cikin ruwa, karkarwar farfela ce ke shiga kyamarar, domin sensar layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, kafin ta kai ƙasa an riga an girgiza ta.

Ba wai araha ce laifin ba fa, ƙaryar ce. Akwai Tello da kamfanin Ryze ya fitar a 2018, giram 80 kacal, sun faɗa ƙarara hotonsa ɗigo miliyan 5 ne bidiyonsa 720 ne, shi ma a waya yake naɗa, wanda ya saya ya san abin da ya saya. Naka kuma kar ka yar, ka mayar da shi na koyon tuƙi, duk karon da za ka yi da bishiya gara ka yi da shi. Ka duba ko akwai 'yar ledar da ba a ɓare ba a bakin kyamarar, ka sauya farfelar da ta lanƙwashe, ka tashe shi da safe rana ta fito iska ba ta taso ba, ka tsayar da shi cak kusa da kai ka ɗauki hoto maimakon bidiyo. Za ka sami na ganin iyakar gona dai ko ba na ado ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ba sana'a zan yi da shi ba, kawai in mun fita yawo da iyali in ɗan ɗauki bidiyo in ɗora a Instagram. Wasu sun ce in sayi Neo wasu sun ce Mini 4K, kaina ya ɗaure. Kuma don Allah hotonsu zai kai na wayata kyau?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, kuma kin yi dabara da kika tambaya kafin ki biya. Duka biyun na DJI ne, kamfanin nan na birnin Shenzhen a China da aka kafa a 2006, kuma duka a 2024 suka fito, sai dai ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba.

Shi Neo giram 135 ne, daga tafin hannunki yake tashi ya dawo ya sauka a nan, yana iya binki a baya yana ɗauka ba sai da rimot ba, farfelunsa a cikin keji suke wanda hakan kwanciyar hankali ne in akwai yara a wajen, ma'ajiyarsa a ciki take gig 22. Amma gimbal ɗinsa na sama da ƙasa ne kawai sauran manhaja ce ke gyarawa, batirinsa minti 18 a takarda, kuma rashin nauyinsa ya sa iska ba ta raga masa. Mini 4K kuwa bai kai giram 249 ba, gimbal mai injuna uku ne cikakke, minti 31 a takarda, da rimot ɗinsa yake zuwa, yana jure iska har mita 10.7 a daƙiƙa inda Neo ya tsaya a 8. Shi ba ya bin mutum, ke za ki tuƙa abinki. Lokacin da suka fito kuɗin Neo kamar kashi biyu cikin uku ne na Mini 4K.

In ni ne, tunda kin ce fita yawo, ina zaton abin da ke ranki shi ne ki hau sama ki ɗauko tsauni da ruwa da mutanenki 'yan ƙanana a tsakiya, to Mini 4K zan ɗauka ban ko waiwaya, sayen nagari mayar da kuɗi gida. In kuwa ke kike so a ɗauka kina tafiya ba mai riƙe miki waya, Neo ne naki. Ki sani dai dukansu ba sa ganin bishiya ko wayar lantarki a gabansu balle su kauce, idonki ne idonsu.

Batun waya kuma ba zan ɓoye miki ba, in wayarki mai kyau ce ta fi su, musamman in haske ya ja baya. Sensar Mini 4K ita ce ake rubuta wa 1/2.3, faɗinta bai fi milimita 6 da 'yan kai ba, ko farcen ƙaramin yatsanki ya fi ta, da rana tsaka hoton tas yake fita amma da an doshi magariba sai ki ga wani tsaki-tsaki kamar an watsa yashi a wuraren duhu. Abin da kike saya a dron ba kyan da ya fi na waya ba ne, wajen tsayawar da waya ba za ta taɓa kaiwa ba ne. In ɗaukar yamma ta dame ki sai ki ƙara kuɗi ki nemi Mini 3 na ƙarshen 2022, sensarsa 1/1.3 ce ta fi girma sosai, kuma kyamararsa tana juyawa a tsaye daidai da sikirin ɗin waya. In kuma kuɗin ne bai kai ba, Mini 2 SE mai 2.7K ma ya ishe ki, ai Instagram ɗin matse bidiyon yake yi kafin kowa ya gani, kuma ni 2.7K mai gimbal ya fi min 4K mai rawa sau goma. Ban da na DJI akwai na wani kamfanin, Potensic Atom, shi ma da gimbal mai injuna uku, amma ki lura da sunan, Atom SE ba shi da shi. Af, kar in manta, Mini 4K ba ya ɗaukar murya sam, ko da yana ɗauka ma ƙugin farfela kawai za ki ji.

TAMBAYA: Malam an rubuta minti 31 amma ni da ƙyar nake wuce ashirin ya fara kuka yana neman sauka, batirin ne ya lalace?

AMSA: Lafiyarsa ƙalau ɗan'uwa. Wancan lissafin a inda ba iska ake yinsa, da gudu iri ɗaya, har sai batirin ya ƙare ƙaf, kai kuwa kana hawa kana sauka kana kokawa da iska kuma jirgin yana rage na dawowa gida. Duk mai sayen dron ya saka kuɗin batir na biyu a lissafi tun farko. Kar ka bar shi a mota cikin zafi, in za ka daɗe ba ka tashi ba ka ajiye shi da caji kamar rabi, in kuwa ka ga ya fara kumbura to ka rabu da shi nan take kar ka sake saka shi a caji, wuta yake iya kamawa.

TAMBAYA: Salam. Ɗana ɗan shekara 12 ya matsa min sai na saya masa, amma na abokinsa ranar farko iska ta tafi da shi ba a sake ganinsa ba. Wane iri zan nema, kuma akwai doka a kai?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya raya mana shi. Na abokin nasa kusan tabbas mara GPS ne, irin wannan in ka saki rimot iska ce ke jansa, mai GPS kuwa tsayawa yake inda aka bar shi, in sigina ta yanke ya juyo da kansa wajen da ya tashi. Ga yaro ni shawarata kar ka bi ta kyamara tukuna, ka saya masa ƙarami mai kejin farfela ya koya a rufaffen waje, in ya iya tsayar da shi da juyo da shi yana fuskantarsa ba tare da ya rikice ba sannan a yi maganar mai GPS da gimbal, mai injin da ake ce wa mara burushi domin ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Doka kuwa akwai, kuma kowace ƙasa da tata. Wannan giram 249 da kake ta gani ba banza ba, a Amurka misali mai tashi don nishaɗi sai jirginsa ya kai giram 250 yake masa rajista a hukumar jiragen samansu ta FAA, a Tarayyar Turai kuwa in dai da kyamara kuma ba na wasan yara ba ne mai shi sai ya yi rajista ko bai kai hakan ba, kuma duka biyun sun tsayar da iyakar hawa a wajen mita 120. Wasu ƙasashen sun fi haka tsanani har izini ake nema, saboda haka ka tuntuɓi hukumar jiragen sama ta ƙasarku kafin ka biya kuɗi. Ka ja masa kunne sosai kan filin jirgi da wuraren jami'an tsaro da saman taron jama'a, da kuma tsakar gidan maƙwabta, wannan kyamara ce ba a leƙa gidan mutane da ita. Ranar da zai fara fita da shi waje ka tsaya kusa da shi, ku nemi fili fetal ba bishiya ba wayar wuta, ka ɗebi ɗan busasshen ganye ka saki, in ka ga ya yi gefe da gudu maimakon ya faɗo kusa da ƙafarka to ku mayar da shi kwali sai gobe da sassafe.