Bayan tiyata da gashi, shin sankarar mama za ta iya dawowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, ina zaune a Makka. Shekara biyu ke nan da aka cire mini ƙullutu mai girman santimita 1.5 a mama, ba a samu cutar a kaluluwar hammata ba, aka yi mini gashi (wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura), aka ɗora ni a kan tamoksifen. Yanzu lafiyata ƙalau, sai zafin jiki da gumin dare da maganin ke sa ni. Ciwon zai dawo? Zan iya daina shan maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika bayyana yana cikin matakin farko, kuma mafi yawan matan da aka gano cutarsu a wannan mataki suna rayuwa shekaru masu yawa ba tare da ta dawo ba. Gashin da aka yi miki bayan cire ƙullutun, shi kaɗai yana rage yiwuwar dawowarta da kusan rabi.

Amma tun da aka ba ki tamoksifen, alama ce cewa irin sankararki tana ci da istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa, kuma wannan iri yana da wata ɗabi'a da ya kamata ki sani: ba ya gaggawa. Akwai nau'in da idan zai dawo, a shekaru uku zuwa biyar na farko yake dawowa, amma naki yana iya yin lamo shekara goma ko goma sha biyar sannan ya bayyana a ƙashi, hanta ko huhu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a cikin mata masu irin sankararki da ƙullutunsu bai wuce santimita 2 ba kuma hammatarsu ba ta kamu ba, kimanin 13 cikin 100 ne cutar ta dawo musu a wani sashen jiki tsakanin shekara ta 5 da ta 20, alhali sun sha maganin shekara biyar. Saboda haka jin lafiya a shekara ta biyu ba hujjar ajiye magani ba ne, domin shan sa shekara biyar cur yana rage mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi ɗaya cikin uku, wasu ma akan ƙara musu zuwa goma.

Na san gumin dare a zafin Makka ba ƙaramar wahala ba ce, to amma akwai magungunan da ke rage shi, sai ki faɗa wa likitarki. A watan azumi kuwa, ƙwaya ɗaya ce a rana, ki mayar da ita lokacin sahur ko bayan buɗa-baki.

Ki riƙa yin hoton mama sau ɗaya kowace shekara. Idan kika ga sabon ƙullutu, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tari mai naci, kumburin ƙafa ɗaya, ko zubar jini ta gaba wanda ba na al'ada ba, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, domin biyun ƙarshe suna iya zuwa daga maganin kansa.