Shin Ƙwayar HIV Tana Bin Nono Ta Kama Jariri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. A wajen awon ciki aka gano ina ɗauke da ƙwayar HIV, kuma tun lokacin nake shan magani. Yanzu cikina ya tsufa, hankalina kuma ya ƙi kwanciya, domin na ji an ce nono yana sa wa jariri cutar. In shayar ko in sayi madarar gwangwani? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Gaskiya ne ƙwayar tana shiga ruwan nono, tana kuma iya ratsa hanjin jariri ta kai ga jininsa. Idan uwa ba ta shan magani, a cikin jarirai 100 akan sami 15 zuwa 45 da ke kamuwa, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta shayarwa. Amma maganin da kike sha yana danne ƙwayar a jini da nono, har adadin ya sauko ƙasa da 5 cikin 100. Saboda haka ne a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci uwa mai shan magani da ta shayar aƙalla wata 12, wata 6 na farko kuwa nono zalla.

Maganar zalla ita ce wadda nake so ki riƙe da kyau, domin a nan ake yawan samun matsala a gidajenmu. Ruwan da kaka kan ɗiga wa jariri don tausayi, ko jiƙo, ko kunu, ko madarar da akan haɗa da nono, duk suna iya raunana hanjinsa su buɗe wa ƙwayar hanya. Madarar gwangwani ita kaɗai ba ta ɗauke da HIV, amma inda ruwa mai tsabta ya yi wuya, gudawar da take jawowa tana iya hallaka jariri cikin 'yan kwanaki.

Idan kan nono ya tsage yana jini, ko nonon ya kumbura yana zafi, ki tatse wannan ɓangaren ki zubar, ki shayar da ɗayan, sannan ki hanzarta zuwa asibiti. Kada hidimar jego da suna ta sa ki tsallake magani ko na kwana ɗaya.

Ki haihu a asibiti, domin a fara ba jaririn maganin kariya na ruwa tun ranar farko. Za a gwada jininsa yana da mako 6, a kuma sake gwadawa bayan yaye, wanda shi ne gwajin da zai tabbatar da matsayinsa.