Kawu, ga amsar zancen baftismar nan

Kawu barka da hutawa, ya gida ya damina, da fatan gero ya yi kyau bana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, wurin da ka ce wai mu a Ingila baftisma muke kaman ana koranmu sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin bas.

Yaron da ka gani a bidiyon baftismar ɗalibi ne ya zo karatu nan Manchester, ya ba da gaskiya lokacin Ista, sati uku aka nutsar da shi. Nasan abin da ya ɗaure maka kai. Mu can gida wajen Gani sai ka yi wata da watanni a ajin baftisma, dattawa su zaunar da kai su yi ta tambaya, a binciki zancen burkutu da bori da yawan mata, sannan a jira ranar da Rabaran zai zo tunda mai bishara baya yi, a haɗa ƙauye uku ko huɗu a gangara rafi ana waƙa. Ni kaina shekara guda cur na yi, kai ka riƙe min riga a bakin ruwa in baka manta ba.

Nan ba rafi, in ma akwai wa zai shiga da wannan sanyin. Kwarmi ne a ƙarƙashin daɓen majami'a, a ɗaga katako a cika ruwa tun daren Asabar a ɗumama shi. Kuma hujjar fastonmu daga Ayyukan Manzanni ce, sura 8 mutumin Habasha yana ganin ruwa a hanya ya nemi Filibus ya yi masa, sura 16 yarin kurkukun Filibi a daren ya samu da shi da iyalinsa. Amma abin da baza ka gani a bidiyo ba shine mutane a nan basa zama. Digiri na biyu shekara 1 ne, in ka ce yaro ya jira shekara toh ya gama ya hau jirgi, wataƙila inda zai koma ko majami'a babu.

Mu 'yan gida kuwa, Hausawa tsiraru da 'yan Filato da kudancin Kaduna, yawanci tashin majami'ar ECWA ne, muna haɗuwa sau ɗaya a wata mu yi waƙoƙin Hausa mu ci tuwo, kuma 'ya'yanmu bama musu gaggawa. Maƙwabtanmu 'yan Anglikan jarirai ake yayyafa wa ruwa, mu dai sai yaro ya buɗe baki da kansa. 'Yata Talatu ta kai shekara 14, ta tambaye ni sau biyu nace ta dakata, uwarta tace min wato sai ta yi irin ta Kaka kenan. Wlh shiru na yi Kawu, dan ka fi ni sanin yadda tsohon nan ya yi shekaru yana zama a bencin baya saboda mata biyu, har ya rasu ruwa bai taɓa shi ba, ka ce mana ɓarawon kan gicciye ma bai samu ba, na yarda, amma har yau abin na ci min rai.

Toh ta shiga aji yanzu. In Allah ya kai mu Disamba zamu zo, dan Allah ka tuntuɓi Rabaran ko zai karɓi takarda daga fastonmu, kuma ka duba min ko rafin zai riƙe ruwa har Kirsimeti.