Bes mai tsirkiya huɗu, biyar ko shida?

Ƙanena, ka ce kuɗinka sun taru, kana tambaya wacce jitar bes, wato jita mai kaurin murya, za ka saya, mai tsirkiya huɗu, biyar ko shida, tunda ka ga samari duk biyar suke ratayawa yanzu. Toh ni dai a yadda hannunka yake a yau, huɗu za ka saya, amma bari in faɗa maka dalili.

Mai huɗu saitinta, wato sautukan tsirkiyoyinta, E, A, D, G ne, haka Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 a Amurka, kuma yawancin kiɗan da kake koyo da kunne da irinta aka yi shi. Mai biyar ƙarin B ne a ƙasan E, ita E tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, B ɗin wajen sau 31. Amma ka ƙirga da kanka, sababbin sautuka biyar kacal ta ƙara maka, B, C, C shaf, D da E filat, sauran duk kana da su. Ta yaɗu ne a shekarun 1980 lokacin da masu kibod suka riƙa sauka ƙasa da inda bes ke kaiwa, masu bes suka bi su.

Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne, rabin aikin bes kashe sauti ne. Duk tsirkiyar da ba ka taɓa ba tana so ta yi ruri ita kaɗai, ita B ɗin nan kuwa ta fi kowa, kauri gare ta ga sako-sako, kana can kana kaɗa D da G ita tana nan tana ruri a ƙasa, kiɗan ya dame kamar kunu, mai ganga ya rasa inda kake, kai kuma ba ka ma san daga gare ka ba ne. Sai ka koyi sauko da babban yatsa yana bin tsirkiyoyin yana danne su, kuma wallahi makon jiya da na saurare ka, ko a huɗun nan ta shago E tana kufce maka. Ga wuyan ya fi faɗi, tsirkiyoyin sun fi matsuwa, hannun hagu na saurin gajiya.

Sannan amfilifaya. Ƙaramar sifikarka ta ɗaki ba za ta fitar da B ba, kakari kawai za ka ji. Kuma mai biyar ta araha kusan kullum a B ɗin take cin amana, shi ya sa wasu masu ƙira ke ƙara tsawon tsirkiyar daga inci 34 zuwa 35 don ta ɗaure. Da kuɗin nan naka gara huɗu mai kyau.

Ban ce biyar ba ta da rana ba fa, ni ma da ita nake zuwa situdiyo. In ka fara bin mawaƙan da ke son ki, wato matakin muryar waƙa, na E filat ko D, ko mai waƙa ya sauke ki ana tsaka da biki, za ka gode mata, don hannunka na wuri guda kake samun komai. Kafin lokacin, in waƙa ɗaya ce ta nemi D, sassauta E ɗinka ta sauka D, shikenan.

Mai shida, ƙarin C ne a sama, ta masu solo ce, wato kiɗan mutum shi kaɗai, da haɗa sautuka, bar ta tukuna.

Ranar Asabar ka zo da wuri mu je tare, kar ka biya kafin in duba wuyan ko ya lanƙwashe, kuma ka ware kuɗin sabon saitin tsirkiya, don na kan ta hannu galibi sun mutu.