Amsa kan aikin saka waya a ƙwaƙwalwar mai cutar Parkinson

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an ba ku shawarar kai shi Indiya a yi masa aikin DBS, wato saka waya a ƙwaƙwalwa saboda cutar Parkinson, kina tsoron kada ya canza masa hali ko ya taɓa tunaninsa. Tsoron naki yana kan hanya. Daga Gombe nake, an yi wa mahaifinmu.

Aikin ba sabo ba ne, tun 1987 likita Alim-Louis Benabid ya soma shi a Grenoble ta Faransa. Siraran wayoyi ake zurawa can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Karkarwa da sandarewar jiki kam suna lafawa, amma cutar tana nan tana tafiyarta.

Mu abin da ya tayar mana da hankali mutuwar zuciya ce. Mutumin da ba ya fashin majalisa bayan la'asar ya koma zaman ɗaki, ba fushi, ba murna, ko jikoki ba ya tambaya. Har dangi sun fara zancen sammu. Bayanin likita shi ne, idan wayar tana wurin da ake kira STN a cikin ƙwaƙwalwa, akan rage levodopa, wato maganin Parkinson, sosai, alhali sinadarin dofamin da maganin ke samarwa ba gaɓoɓi kaɗai yake motsawa ba, har da himma da nishaɗi. Da aka ɗan ƙara maganin, sai ya fara dawowa. Wasu kuwa akasin haka suke yi: zumuɗi, saurin fushi, kashe kuɗi barkatai, sai an gyara ƙarfin wutar. Kalma kuma takan maƙale wa mahaifinmu a tsakiyar magana, wannan har yau bai rabu da shi ba.

Kada ku yarda a shiga tiyata ba a gwada tunanin Baba ba. Idan gigin tsufa ya soma, aikin yana iya ƙara rikita shi. Ciwon damuwa mai tsanani ma sai an fara magance shi. Ki tambaye su batun GPi, ɗaya wurin da ake sa wayar, wanda likitoci kan zaɓa idan suna fargabar tunani ko yanayin mara lafiya.

Kafin ku yanki tikiti, ku zauna da likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, ku san wa zai riƙa saita na'urar bayan kun dawo. Kuma duk ranar da kika ji Baba yana cewa gara ya mutu, a ranar za ku kai shi asibiti.