Tambayi Likita: "Hajiya ta rantse ta ga na ɗauki zinarinta"

Tambaya: Likita, ina cikin ɗawafi sai in rasa ko a zagaye na shida nake ko na bakwai. Ƙwaƙwalwata ce ta soma lalacewa? (Matashi daga Misfala, Makka)

Amsa: A'a. Cunkoso ne da zafi da ƙarancin barci. Ka nemi ɗan carbin nan mai 'ya'ya bakwai ka riƙa ƙirgawa. Hukuncin shakka kuwa, ka tambayi malamai.

Tambaya: Ni da yayana kullum muna musu kan ambaliyar Jidda ta 2009. Na tuna sarai ni Baba ya saɓa a kafaɗa, shi kuma ya ce shi ne. Waye ke ƙarya?

Amsa: Wataƙila babu mai ƙarya a cikinku. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu yadda waya ke ajiye bidiyo. Duk sanda ka tuno abu, sabon ɗinki take yi masa, inda ya yage ta sa faci da abin da ka ji a bakin wasu. A 1995 wata masaniya a Amurka, Elizabeth Loftus, ta ba mutum 24 labaran yarintarsu, ta cusa guda na ƙirƙira cewa sun taɓa ɓata a wata babbar kasuwa. Kusan ɗaya cikin kowane huɗu suka ce sun tuna. Ku bar musun.

Tambaya: Uwar mijina ta haura saba'in. Tun bara take cewa na sace mata awarwaron zinari, har tana faɗin kalar abayar da na sa ranar. Daga baya aka gan shi a cikin buhun shinkafa, amma ta sake cewa na ɗauki kuɗinta. Dangi sun ce sammu ne, an kai ta wurin wani mai magani, ya doke ta a tafin ƙafa, ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki. Aurena na rawa. (Wata daga Shari'a Mansur, Makka)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri. Kafin komai, a daina dukan nan yau. Tsohuwa mai shekara saba'in a riƙe ta ana duka? Hayaƙi a rufaffen ɗaki kuma yana iya shaƙe ta. Wallahi raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mini tsohuwa da tabon bulala ko ƙunar ƙarfe wai ana fitar da aljani. Ku yi mata addu'a da karatu yadda kuke so, amma kada hannu ya sake taɓa ta, kuma a kai ta asibiti.

Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon mantuwa na tsufa, wanda Alzheimer ce ta fi haddasa shi. Hajiya ta ajiye awarwaronta, ajiyar ba ta zauna a kanta ba. Ta duba ba ta gani ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta son gurbi, sai ta cike shi da abin da ya fi kusa: wa ke shiga ɗakin kullum? Ke. Mai jinya shi aka fi zargi, don shi ke kusa. Rantsuwarta har zuci ce, a wurinta ta gani da idonta.

Abin da ke damuna shi ne mu ma masu lafiya haka muke yi. Ba mu san dalilin sauyin Hajiya ba, sai muka cike gurbin da sammu, aka kwashe shekara ba a auna jininta ba. Alhali akwai abubuwan da ke kawo irin wannan kuma suna da magani: ƙarancin bitamin B12, rashin aikin tayirod, hawa da saukar sukari, ciwon fitsari, har da wasu ƙwayoyin barci da na mura da ake saye a saidaliyya, wato kantin magani. Ƙarancin bitamin B1 ma yana sa mutum ya riƙa shirya labarin da bai faru ba, ciwon da likitan Rasha Korsakoff ya bayyana alamominsa tun ƙarni na 19.

Na san wasu rashin iƙama, wato takardar izinin zama, ke hana su zuwa asibiti. Duk da haka ko mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, zai iya gwajin jini da fitsari. Ku tafi da duk magungunan da take sha, mijinki ya shiga wurin likita ya ji da kunnensa. Idan ruɗewar ta tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu, ko bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ku kira motar asibiti ta lamba 997 nan take, kada ku jira gari ya waye.

A gida kada ki yi gardama da ita. Ki ce, "Hajiya, zo mu duba tare." Zinari da kuɗi ɗanta ya adana mata. Ina sake cewa, a kai ta asibiti cikin makon nan.

Tambaya: Zabibi yana ƙara wa yaro ƙarfin hadda?

Amsa: Abinci ne mai kyau, ba shi ya ci. Amma hadda barci isasshe da tilawa take so, don haka ki karɓe wayar da daddare.